Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Magana A Kan Mazubin Abincinmu



Duk wanda ya bi ta bakin babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi washegarin ruwan sama, ya riga ya ga abin da zan yi magana a kai. Ruwa ya janye, amma ya bar shaida. Fararen mazuban tekawe sun jeru a bakin gota kamar balbelu sun sauka, baƙar leda, wadda a nan muka fi kira roba, ta nannaɗe kowane ƙarfe da kowane gungume, cokulan roba sun cuɗe da laka. Kowane ɗaya daga cikinsu abincin wani ne jiya. Ya saya da guminsa, ya ci cikin minti goma sha biyar, ya yi hamdala, ya jefar. Abincin ya bi jiki ya wuce, mazubin kuwa ya zauna mana a unguwa, kuma zai daɗe fiye da wanda ya ci a cikinsa.

Ran 5 ga Yuni 2025, ranar da duniya ta keɓe don muhalli, Shugaba John Dramani Mahama ya bayyana cewa gwamnati za ta hana shigo da wannan farin mazubi na kumfa da kuma ƙera shi a Gana. Tun daga ranar maganar ba ta bar majalisunmu ba. Masu shara da masu gidajen bakin gota sun yi murna. Iyayenmu mata masu sayar da abinci kuwa tambaya ɗaya suke yi, kuma tambaya ce ta gaskiya: to, in an hana, a me za mu zuba?

Ra'ayina shi ne hanin daidai ne, amma doka tana iya cire abu daga hannun mutum, ba ta iya sa masa wani. Idan muka naɗe hannu, 'yan kasuwa masu shigo da kaya za su kawo mana wani mazubin daga waje, mai sabon suna da sabon launi, mu saya da tsada, shi ma ya ƙare a cikin gotar nan. Wanda ya san abincin shi ya kamata ya tsara mazubinsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa na ce maganar tamu ce? Ku saurari sunayen abincin da ƙasar nan take karyawa da shi kowace safiya. Waakye, wake ne na shinkafa da wake. Hausa koko ya ɗauki sunanmu a goshi. Koose ƙosai ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, ga masa, ga fura, ga taliya da ake barbaɗa wa waakye. Daga Akra zuwa Kumasi, daga Tamale zuwa Takoradi, da wuya ka tsaya a layin abincin safe ba ka tarar da 'yar zango a bayan tukunya ba. Har kalmar da kowa yake kiran shara da ita a nan, wato bola, daga bakinmu aka are ta. Tunda abincin namu ne, kalmar juji ma tamu ce, bai dace a yanke hukuncin abin da ke tsakaninsu ba tare da mu ba.

Bari mu fara da ƙirge. Mutum ya je wurin Hajiya ya sayi waakye na tafiya da shi ofis. Za a ba shi farin mazubi guda, a ƙulla masa miya a leda, shito a wata ledar, ganyen salak a ta uku, a haɗa masa da cokalin roba da takardar goge baki, sannan a jefa duka a baƙar leda. Abu bakwai ke nan saboda ci ɗaya. Mu ƙaddara layi guda yana da masu abinci 20, kowace tana sallamar mutum 100 a yini. Mazubi 2,000 ke nan kullum, 60,000 a wata, fiye da 700,000 a shekara, ba a ma ƙirga ledoji da cokula ba. Wannan lissafin misali ne kawai, kowa ya duba layinsu ya gyara adadin yadda ya ga dama. Ko an raba shi biyu, abin da ya rage ya isa ya toshe gota.

Adalci ne a faɗi abin da ya sa farin mazubin ya karɓu. Ba shi da nauyi, yana da araha, yana riƙe zafi, ba ya ƙona hannu, murfinsa a jikinsa yake, kuma ana jera ɗari a wuri kaɗan. Mai abinci ba ta wanke shi, mai saye ba ya dawo da shi. Duk wanda zai kawo madadi ya sani cewa da waɗannan siffofi zai yi gasa. Wa'azi kaɗai ba zai kayar da abin da ya sauƙaƙa wa mutane rayuwa ba.

Amma araha ba ta ado. Wannan mazubi ana yin sa ne da wata roba mai suna folistarin, wadda ake samu daga man fetur, a hura ta har ta kumbura. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa iska ce. A nan matsalar take. Ku lura da matan da ke bin titi suna tsince ledar piya wata. Suna yi ne domin akwai masu saye a kan sikeli. Ba wanda yake tsintar tekawe, domin sai ka cika buhuna kafin sikeli ya motsa, ga shi ya sha mai da miya, masu narkar da roba ba sa so. Abin da ba shi da mai saye ba shi da mai ɗauka. Yana iyo a kan ruwa, yana farfashewa ya zama ƙananan ƙwayoyi, amma ba ya ruɓewa ya koma ƙasa. In aka ƙone shi a bayan gida, baƙin hayaƙinsa 'ya'yanmu ne ke shaƙa.

Akwai kuma batun lafiya. Sinadarin da ake haɗa wannan roba da shi, sitirin, hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Abin da ke tsallakawa daga mazubi zuwa abinci kaɗan ne, ba na so in tsorata kowa. Sai dai an san cewa zafi da mai su ne ke ƙara tsallakawar, abincinmu kuwa daga wuta ake kwaso shi, manja da man gyaɗa suna yawo a kai. Haka zancen yake ga tafasasshen koko da ake ɗurawa a siririyar leda, yaro ya ciji kusurwa ya tsotsa. Mahautanmu ma suna da tasu shaidar: ku tambaye su abin da suke tararwa a tumbin awaki da tumakin da ke kiwo a juji.

Ba kuma za mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Dalilan ambaliyar Akra suna da yawa, akwai gini a kan hanyar ruwa, akwai yashi da ya cike magudanai, amma shara na cikinsu. Gotar Nima a kogin Odaw take zubewa, Odaw ya bi ta tafkin Korle ya shiga teku. Abin da muka jefar a ƙofar gida ba ya ɓacewa, gangarawa yake yi ya sami na ƙasa da mu.

To, ina mafita? Da tsohuwar zuma ake magani. Kakanninmu da suka kafa zangunan nan fatake ne, kuma babban abin da ya kawo su shi ne goro. Goro kuwa ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ya bushe. Duk da haka sun ɗauke shi daga kasuwar Salaga zuwa Kano da Borno, tafiyar watanni a kan jakuna, ya isa da ɗanyensa. Da me? Da huhu: a shimfiɗa faffaɗan ganye, a jera goro, a rufe, a ɗaure tam. A hanya a kwance, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Ba su da masana'anta, amma sun fahimci wata ƙa'ida da masu kawo mana tekawe suka tsallake, wato halin kaya shi ke faɗin irin ƙunshinsa. Mu kuwa yau mazubi ɗaya muke zuba wa tuwo da ƙosai da shinkafa da tsire, kamar likitan da ke ba kowane majiyyaci ƙwaya iri ɗaya.

Ganyen da ake ƙunsa waakye da shi, wanda ake kira katemfe, jikan wannan hikima ce. Kada a rikita shi da jan ganyen karan dafi da ake dafa waakye da shi don launi. Wannan koren ganye ne mai faɗi da santsi, yana fitowa a inuwar kurmi. Ba ya jiƙewa da wuri, yana jure zafi, yana barin tururi ya fita, yana kuma ba abinci wani ƙamshi da duk wanda ya tashi a zango zai gane ko da ido a rufe. In ka buɗe shi ya zama faranti. In ka gama ka yar, ya ruɓe ya zama taki. Yarabawa da shi suke dafa alala. Maƙwabtanmu ma ba su saki nasu ba: dokunun Ga har gobe a ɓawon masara yake, na Fante a ganyen ayaba. Abin ban dariya, mu da muka gada muna jin kunyarsa, muna ganin ganye na talaka ne, alhali manyan gidajen abinci a Osu suna shimfiɗa shi a faranti su ninka kuɗi.

Gado na biyu shi ne kwano. Wanda ya kai shekaruna ya tuna ana aikensa sayen koko da kwano mai murfi, ko a ba shi langa ya kai abinci kasuwa. A watan azumi kwanuka suna yawo gida gida, kowanne ya koma inda ya fito, sau da yawa ma ba ya komawa wayam, domin ƙwarya ta bi ƙwarya. Ya tuna kuma kwalbar lemo: in za ka tafi da ita sai ka ajiye kuɗi, ka dawo da ita a mayar maka. Ba a taɓa ganin gota ta toshe da kwalaben lemo ba, saboda kowace kwalba kuɗi ce a kwance.

Daga waɗannan biyu nake ganin za mu iya fitar da ma'auni. Duk mazubin da aka kawo mana, mu yi masa tambaya huɗu. Shin ya dace da abincin da za a zuba? Shin mai ci zai iya ɗauka, ya buɗe, ya ci ba tare da ya ɓata riga ba? Shin Hajiya za ta iya saye ba tare da ta rage ludayi ko ta ƙara kuɗi ba? Sannan ina zai kwana bayan an gama da shi? Farin tekawe ya ci ta biyu da ta uku, ya faɗi ta ƙarshe warwas. Wanda muke nema shi ne mai amsa duka huɗun, kuma ba lalle ya zama iri ɗaya ga kowane abinci ba.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ƙosai da masa da soyayyar doya abokan gabarsu tururi ne. In ka kulle su a leda, kafin ka isa gida sun yi gumi sun saki. Abin da suke so shi ne ganye ko jakar takarda mai tsabta, buɗaɗɗiya ta sama. Na ce mai tsabta domin tsohuwar jarida da takardar buhun siminti ba wurin abinci ba ne. Tawadar jarida tana narkewa a mai, shi ya sa hukumar abinci ta Indiya ta hana ƙunsa abinci a jarida. Haka tsire da balangu: farar takarda da ba a yi bugu a kanta ba, yaji da albasa a kusurwarta, ba sai an ƙara leda ba.

Waakye da dafa-duka da shinkafa da miya su ne suka fi cin mazubi. Wanda zai ci nan kusa, ganye ya ishe shi, in an gyara abu biyu. Na farko naɗin: a koya wa yaran shago naɗi mai kulle kansa, ko a soke shi da tsinke, don kada a buƙaci leda a kai. Na biyu siffar: a Indiya ana haɗa ganyaye a danne su da ƙarfe mai zafi su fito kwano mai zurfi, da ƙaramin inji wanda bai fi ƙarfin maƙeranmu da masu walda ba. In aka yi kwanon ganye mai gida biyu, shinkafa a babba, shito da miya a ƙarami, an kashe leda biyu nan take. Ana kuma yin irin wannan kwano da tuƙar rake. Ɓawon masara da ɓawon kwakwa da muke ƙonewa a bakin titi su ma sun cancanci a gwada su.

Tuwo da miya, koko, kunu da fura masu ruwa ne, ganye ba zai riƙe su ba. Nan ne kwano zai dawo, amma da sabon tsari. Mutanen yau ba sa fita da kwano a jaka, saboda haka kwanon ya zauna a wurin mai abinci. A ce masu abincin kasuwa guda ko tasha guda su haɗa kai su sayi kwanuka iri ɗaya, na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na kakkaurar roba mai jure zafi, irin mai lamba 5 a gindi. Girma uku kawai, ƙarami da matsakaici da babba, amma bakinsu ɗaya, don murfi guda ya rufe kowanne. Murfin ya kama tam yadda mai babur zai bi ramukan titi miya ba ta zube ba. Su riƙa shiga cikin juna in ba kowa a ciki, don kada su cinye wuri. Mai saye ya ajiye kuɗin jingina a karon farko. Gobe ya kawo wancan a ba shi wankakke, ko ya mayar wa kowace mai abinci da ke cikin ƙungiyar a turo masa kuɗinsa ta momo. Wannan ba mafarki ba ne. A birnin Mumbai tun 1890 akwai masu kai wa ma'aikata abincin rana a jeren kwanukan ƙarfe, su kuma dawo da kwanukan gida da yamma. Kafin annobar korona mutum kusan 5,000 ne ke kai abinci wajen 200,000 kullum. A Jamus kuma, tun Janairu 2023 doka ta wajabta wa manyan masu sayar da abincin tafiya su tanadi mazubin da ake dawowa da shi ga duk wanda ya nema.

Akwai gyaran da ba ya cin ko fesewa. A daina ba da cokali da takarda da baƙar leda sai ga wanda ya tambaya; mai kai abinci gida yana da cokali a gida. A daina zuba abincin kuɗi kaɗan a babban mazubi. Wanda ya zo da kwanonsa a ƙara masa ɗan gari ko taliya, gwargwadon kuɗin mazubin da ya rage wa Hajiya. Labarin gyara yana yawo a layi fiye da kowace sanarwa.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Ta farko tsabta. Ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, Akra ce kuma ta fi shan wuya. Mazubin da aka yi amfani da shi sau ɗaya aka yar yana da wannan kariya, dole a yarda. Kwanon da aka ɗauraye a bokiti ɗaya tun safe har azahar ya fi tekawe haɗari. Saboda haka tsarin kwano ba zai tsaya ba sai da wurin wanki na gaske, mai ruwa mai gudu da sabulu da ruwan zafi da wurin shanya nesa da ƙuda. In kowace mai abinci ba za ta iya ba, a yi guda ɗaya na kasuwa, samarinmu da ke zaman jiran aiki su riƙe shi, a biya su a kan kowane kwano. Ganye ma sai an wanke shi da ruwa mai kyau an tsane shi, domin daga daji ya fito, ya kuma kwana a bayan mota.

Ta biyu kuɗi da samuwa. Ganye yana tsada da rani, yana kuma yaushi in ya kwana biyu. In dukan Akra ta koma ganye rana ɗaya, kurmi ba zai ɗauka ba, balle yanzu da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suke cinye dazuzzuka. Amsar ita ce a noma shi. Tsiro ne mai son inuwa, ana iya dasa shi a ƙarƙashin itatuwan koko, manomi ya sami kuɗin shiga na biyu. 'Ya'yansa ma suna da kasuwa, domin daga jikinsu ake fitar da wani abin zaƙi da ya ninka sukari sau dubbai. Ƙungiyar masu abinci in ta ƙulla ciniki kai tsaye da ƙauye guda, farashi zai zauna.

Ta uku, wasu za su ce mutanenmu ba sa dawo da kaya. Gaskiya ne wasu kwanukan za su ɓace, kuma kwanon dawowa ba ya biyan kuɗinsa sai ya yi zagaye da yawa. Maganin shi ne jinginar ta ɗan ɗara kuɗin kwanon, yadda wanda ya riƙe ya saya ke nan. Kuma a fara da inda aka san juna: masu shaguna a kasuwa, direbobin tasha, teloli, makanikai, malaman makaranta, waɗanda kullum wurin mutum ɗaya suke ci. Baƙo mai wucewa a ba shi ganye ko takarda.

Ta huɗu, a yi hattara da madadin da ya yi kama da magani alhali ba shi ba ne. Yawancin kofuna da kwalayen takarda masu riƙe ruwa an shafe cikinsu da siririyar roba, shi ya sa ba sa ruɓewa duka, masu sarrafa takarda kuma ba sa son su. Mazubin alminiyom yana da mai saye in an tara shi, amma yana da tsada, kuma ƙera shi yana cin wuta sosai. Wasu ledojin da ake cewa suna narkewa, farfashewa kawai suke yi. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce mazubi ya zama jinsi ɗaya: ko ganye zalla, ko takarda zalla, ko ƙarfe zalla. Abin da aka haɗa jinsi biyu aka manne, ƙasa ba ta ci, mai saye ba ya ɗauka.

Ƙasashen da suka riga mu suna da darasi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, ta tsare iyakokinta, ga kuma aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, Kigali ta zama abin misali. Kenya ta bi sahu a 2017 da tara mai tsanani. Jihar Legas ta hana wannan farin mazubi a Janairu 2024. Kamaru kuwa ta hana siririyar leda tun 2014, amma 'yan'uwanmu na can za su gaya muku ba ta bar kasuwa ba. Ta koma shigowa ta ɓarauniyar hanya, domin ba a ba mai sayarwa wani abu mai araha a madadinta ba. Idan hani ya zo babu madadi, abin da ake samu shi ne fasa-ƙwauri da cin hanci, da jami'i yana kifar da tiren bazawara. Wannan ne nake jiye wa iyayenmu mata, shi ya sa nake roƙon mu riga dokar shiri.

Inda za mu fara kuwa yana hannunmu, ba ya jiran gwamnati: tarukanmu. Aikina yana kai ni suna da ɗaurin aure da sadakar bakwai da ta arba'in kusan kowane mako, kuma ni ne sau da yawa ake bari da neman mai keken bola in taro ya watse. Yanzu an mai da rabon tekawe ma'aunin arziki, har wanda zai zauna ya ci a wurin sai an miƙa masa nasa a ƙulle. Da can a tire ake zubawa, mutum biyar su kewaye, a ci a sa albarka, abinci bai salwanta ba. Ina ba sarakunanmu da limamai da shugabannin mata shawara kowace unguwa ta mallaki tirori da faranti da kofuna na jama'a, kamar yadda muke da kujeru da rumfuna na haya. Mai taro ya ɗauka da kuɗi kaɗan, a wanke a mayar. Wanda za a kai wa gida a ƙunsa masa a ganye, ko a kai a langa. In manya suka fara a gidajensu, kunyar ta kau ga na ƙasa.

Ga hukuma kuma roƙo uku. A sanar da ranar fara hani da wuri, cikin harsunan da masu abinci ke ji, har da Hausa. A sassauta haraji a kan injin danna ganye da takardar abinci da kwanukan ƙarfe. Sannan a kira ƙungiyoyin masu abinci a zauna da su kafin a yanke abin da zai maye gurbi, domin Hajiyar da ta shekara talatin tana zuba waakye ta fi kowane injiniya sanin inda miya take yoyo. Ɗalibanmu da ke jami'o'in fasaha, irin ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ga aikin kammala karatu a ƙofar gidanku: ku zauna da iyayenku mata, ku auna ludayinsu, ku zana musu kwano.

Ni dai na fara da kaina. Akwai kwano mai murfi da nake ajiyewa a ofishin mai gida, da shi ake sayo mini koko da safe, waakye kuwa na ce a riƙa ƙunsa mini a ganye. Satin farko yaran layi sun yi ta dariya, suna cewa Malam ya koma zamanin da. Yanzu mai kokon da kanta take tambaya in ba ta ga kwanon ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya gwada na mako guda, ya kuma karanta wa mahaifiyarsa ko yayarsa mai sana'ar abinci, ya ji abin da za ta ce. Inda na yi kuskure a kan farashi ko naɗi ko wanki, su ne za su gyara mini, kuma gyaransu nake nema.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da ambaliya da annoba, ya ba mu ikon barin unguwannin nan da tsabta ga na bayanmu.